Hula Mai Jan Haske

Zuwa ga angona mai kunnen zomo,

Riƙe wannan kacici-kacici tukuna: wace ce ake cigiyarta alhali tana riƙe da hannun mai cigiyar?

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin da ya hana ka leƙo amaryarka mai giɓi.

Hular nan mai jan haske da ka aiko wa kakanka saboda ciwon mantuwarsa ta iso. Kullum da hantsi nake zaunar da shi bakin taga in kifa masa, kansa ya yi jawur kamar tumatir. Likita ta ce wai jikin mutum cike yake da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, kowanne da murhunsa, daga nan ƙarfi ke fitowa. Na ƙwaƙwalwar tsohon toka ta rufe su, hasken kuma fifita yake, ko da sauran garwashi. Ba ta yi mini alkawari ba. Har yanzu "baiwar Allah" yake ce mini.

Ka gaida uwarka.
Kakarka.

Angona,

Ya jiki, ya gajiya? Mu sai godiya. Yanzu kakanka yana samun barci, ya daina ajiye takalmi a firji.

Likita ta ce in riƙa kiransa da sunansa na yanka idan hular na kunne, wai shi ƙwaƙwalwa ke saki a ƙarshe. Ka san tun da aka kawo ni gidansa sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Na yi ta juya shi a baki kamar ƙwayar magani. Shekaranjiya na runtse ido na faɗa.

Ya juyo, idonsa tar, irin kallon da na cire rai da shi. Har na fara murna. Sai ya ce, "Baiwar Allah, kina da kirki. In kin fita ki turo mini matata. Ita ba ta kama sunana."

Ka ji fa. Murhun ya kama, ya tuna yana da mata, ni kuma da bakina na kori kaina. Na koma ce masa maigida, ya ce in kama kaina, matarsa ba ta son wasa. Na yi dariya, na shiga kicin na gama sauran da hawaye.

Gobe ma zan kifa masa hular. Ka zo da wuri, tun da sauran wuta.

Allah ya yi maka albarka.
Tsohuwar amaryarka.

Wadda ake cigiyar, ni ce.