Mai Ganyen Azurfa

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Shukar da na yi oda ta iso, tukwane shida. Ganye ƙanana, launin azurfa, tana zubowa daga baranda kamar jelar kitso. Duk Maitama ban ga mai irinta ba. Bari ƙawata Kauthar ta zo walima ta gani, ita da ba ta da zance sai lambunta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Wai Zacharias mai lambu ne zai koya mini. “Madam, wannan ba ya son ruwa plenty.” Tsohon da ko sunanta bai iya faɗa ba. Na ce safe da yamma kamar sauran furanni, in ba zai iya ba ƙofa a buɗe take.

Laraba, 23 ga Afrilu

Gindinta ya yi baƙi, har da wari. Na sa ya ƙara ruwa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Walima. Kauthar ta taɓa reshe, ya tsinke a hannunta. “Ayya, ruwa ne ya kashe ta. Wa bai san wannan ba?” Raina ya yi baƙi ƙirin.

Na kira Zacharias gaban mata, na ce ya faɗa da bakinsa wa ya kashe ta. Ya daɗe yana kallona. “Ni ne, Madam.” Na sa ya sauke tukwanen ɗaya bayan ɗaya, yana jan ƙafarsa mai ciwo ta gabansu, ana dariya. Sannan na ce ya kwashe komatsansa daga ɗakin baya kafin magariba.

Abincin ya yi daɗi, kowa ya yaba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ai da ya nace da na ji. Laifinsa ne.

Talata, 6 ga Mayu

Bayan ɗakin janareta na tarar da gwangwanaye uku. Ashe ya yanki rassa ya dasa a yashi. Kwana goma ba mai ba su ruwa, sai sheƙi suke yi.

Na aiki Sabo direba Jikwoyi, gidan ’yar Zacharias. Ba don komai ba, in ji yadda ake kula da su. Maƙwabta suka ce ta kai shi garinsu, ƙafar ta kumbura.

Sabo ya ce, “Wane gari ne, Hajiya, in bi shi?”

Na buɗe baki. Shekara goma sha ɗaya yana cikin gidana, ban sani ba.