Man zaitun daga gonar Italiya

Daren Laraba, watan Safar 1438, unguwar Mansur, ƙasa mai tsarki

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu 'yata Nawal ta zo gaishe ni, sun dawo daga Italiya ita da mijinta. Ta dire min kwalbar man zaitun, tana ta zuba, rabi Larabci rabi Hausa. Wai a gona suka sauka, wadda ba a sa wa takin zamani. Da hannunta ta tatsi akuya, wata tsohuwa ta koya mata murza taliya. "Wallahi Ummi, tsohuwar nan kamar kakata."

Wai kamar kakarta. Kakarta tana nan da ranta a Madarunfa, da awakinta, da gonar da ba ta san wani taki ba sai kashin shanu. Shekara nawa ina roƙon yarinyar nan ta bi ni gida, tana ce min ƙauye datti? Ashe akuyar Turawa ce ba ta wari.

Da yake surukina na zaune, sai kawai na zuba musu gahawa.

Jibi Inna za ta kira, ta tambayi jikarta kamar kowace Juma'a. In ce mata me? Ta samu wata kakar?