Dogo Mai Jar Riga

Yamai, ranar Litinin

Zuwa ga maiɗakina Hasana, a Filinge.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maƙwabta da awaki. Mun iso Yamai lafiya, in ban da hanyar Baleyara da ta girgiza mini ƙashin baya. Autarki Samiratu ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, don likita ya hana ni wahalar da ido. Ya duba ya ce yanar ido ce, aikin cire ta ba wuya, amma sai hawan jinina ya sauka tukuna.

Ga dalilin wasiƙata. Kin san an fara Tur, babban tseren keke na Faransa, kuma telen gidan surukinmu ba ta kama tashar. Tun ina koyar da yara a lakkwal ban taɓa barin shi ya wuce ni ba. Saboda haka na naɗa ki wakiliyata. Kowace rana bayan azahar ki kunna tele ki kalla, ki rubuto mini, ki ba Kailu direba. Kada ki ce za ki yi saƙon murya. Wayar Samiratu tare da ita take wuni a biro, wurin aikinta, kuma ba don ado na koya miki rubutu ba.

Ki fahimta da kyau. Mako uku ake yi, kowace rana da zangonta. Wanda ya riga kowa yau ba lalle shi ne gwani ba, lokacin kowa ake tarawa, mai mafi ƙaranci shi ke sa rigar rawaya. Nawa gwanin shi ne wanda nake ce wa Dogo, siriri, mai jar riga, shi da yaransa. Shi kaɗai za ki bi. Ban da labarin shanu.

Na bar ki lafiya. Mijinki,
Malam Ibrah

*

Filinge, ranar Alhamis

Malam,

Salamu alaikum. Na samu takardarka, na gode Allah da kunka sauka lafiya. Nan ma lafiya lau. An yi ruwa daren Talata har kwarin dallol ya cika da kwaɗi, hatsi ya kai gwiwa. Abokan kallonka duk sun tafi noma, har Alhassan mai gyaran keke, don haka ni kaɗai ce, kuma bisa kujerarka nake zama, ka yi haƙuri.

Na kalli abinku. Mutane sun fi ɗari, kowa ya duƙa awa mai tsintar wake, suna gudu ba wanda ya koro su. Ka ce ban da shanu, amma Malam, shanun ƙasar Faransa sai ka gani. Ko wadda ta fi rama cikinsu ta yi biyun saniyar limaminmu. Akwai kuma wasu gonaki na fure rawaya tun daga nan har inda ido ya tsaya. Shekara nawa kana zaune gaban telen nan, ba ka taɓa kira na in gani ba?

Dogonka kam ban gan shi ba. Masu jar riga suna nan, amma duk gajeru ne, ɗayansu ma har da tumbi kaɗan.

Ni dai na samu nawa. Wani ɗan ƙarami ne mai shuɗiyar riga da gwamammun ƙafafu. Ana tsakiyar gudu sai ya koma baya wurin mota, ya cika rigarsa da gorunan ruwa, gaba da baya har wuya, ya sake tsere ya cimma sauran yana rarraba musu. Na sa mishi suna Garuwa. Maigidansa wani zanƙalelen mutum ne mai shuɗiyar riga shi ma. Ya karɓi gora, ya kurɓa, ya jefar, ko duban yaron bai yi ba. Na ce Allah ya shirye ka. Ni da na ja guga a rijiyoyin ƙasarmu Kurfai tun ina yarinya, na san abin da ke cikin ruwan da ake miƙo wa mutum.

Ka sha maganinka. Ka gaida Samiratu da maigidanta da yara.

Hasana

*

Yamai, ranar Lahadi

Zuwa ga Hasana.

Bayan gaisuwa, na samu rahotonki, kuma da ɗaliba ce ta kawo mini shi da na mayar mata ta sake. Shanu, fure, mai ɗebo ruwa. Wa ya ci zangon? Wa ke da rigar rawaya? Ba ko ɗaya.

Wanda kike kira Garuwa aikinsa ke nan. A kowace ƙungiya akwai masu tare wa shugaba iska da masu kawo masa ruwa, ba a yi musu godiya a bisa keke, numfashi ake tattali. Amma na yarda, wannan mai shuɗiyar riga da alama ba shi da tarbiyya. Dogo ba ya haka. Ki ƙara dubawa, ja ce rigarsa, ja wur.

Na yi tunani kuma. Mako mai zuwa za a shiga duwatsu, nan ne ake rabuwa tsakanin maza, kuma ba zan bar shi a hannun wadda ke kallon saniya ba. Zan biyo Kailu in dawo gida. Aikin ido ba gudu yake ba, sai a yi shi bayan kaka.

Mijinki,
Malam Ibrah

Inna, ni ce Samiratu, wannan bai san na ƙara ba. Jininsa ya sauka, likita ya sa ranar Alhamis. Tun da aka faɗa masa ya daina cin abinci sosai. Jiya na same shi yana shafa jakarsa yana lissafin kayansa da hannu. Ba tseren ba ne, Inna, tsoro yake ji. Ya tambayi maigidana ko akwai wanda aka taɓa yi wa aikin ya tashi ba ya ganin komai. Likita ya ce in an ƙara jinkiri yanar za ta yi tauri. Ni ba ya jin tawa. Ki yi wani abu.

*

Filinge, ranar Talata

Malam,

Ina gaishe ka, gaisuwar da ta dace da maigida. Samiratu, ki karanta mishi wagga duka, kada ki tsallake ko layi guda don kunya.

Na ga Dogonka. Alhassan ya dawo daga gona jiya, ya shigo gaishe ni ya iske ni gaban tele. Na ce mishi don Allah nuna mini Dogon Malam mai jar riga, na gaji da nema. Sai ya kama sosa ƙeya. Daga baya ya ɗora yatsa bisa gilashi, bisa wa? Bisa zanƙalelen nan marar godiya, maigidan Garuwa. Wanda ka ce ba shi da tarbiyya.

Na ce, “Alhassan, wannan ai shuɗi ne.”

Ya ce, “Inna Hasana, tun bara waccan sunka canza riga. Mu duka mun sani. Malam shina ce muna ga jar riga ta taso, mu ko sai mu ce ga ta nan. Mi za mu ce da wanda ya koya muna karatu?”

Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen. Damina biyu ke nan kana zama bisa kujerar nan kana jin Faransancin mai sharhi kana ba mutane labari, ba ka ganin komai sai inuwa. Shi ya sa ba ka kira ni in ga furen ba. Sai kuma na tuna Sallar bara, da na ɗaura sabon zane ka ce, wannan ya yi miki kyau. Na wuni ina fara'a, har gidan maƙwabta na je na faɗa. Ashe ba ka san ko buhu na ɗaura ba.

Ban yi fushi ba, Malam. Tausayinka na ji, da haushin kaina da ban lura ba. Amma in ka dawo gobe, mi za ka dawo yi? Ka zauna ka ji da kunne? Wannan ko a Yamai rediyo ya ishe ka.

Bari in ba ka rahoto na gaskiya, tunda ka ce ban iya ba. Yau an hau dutse. Dogo shi ne na biyu, mai rigar rawaya na gabansa da kaɗan. Ana cikin hawa sai tayar Dogo ta fashe, mota kuma tana can baya. Kafin in ce wayyo, Garuwa ya diro daga kekensa ya miƙa mishi, ya tura shi da gudu, shi kuma ya tsaya gefen hanya riƙe da fasasshen keke. Keken ya yi wa Dogo kaɗan, gwiwoyinsa har suna neman haɓarsa, amma ya cimma su. Da sunka iso, Dogo bai tafi ba, ya tsaya yana jiran Garuwa. Abin da ya yi mishi da ya iso, ba zan rubuta ba. Alhassan ya ce za a sake nuna shi ranar ƙarshe. Mai ido ya zo ya gani.

Ni ma tsoron nake ji, kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Liman ya ce zai sa ka a addu'a. Ka je ranar Alhamis. Kujerarka tana nan, amma ba zan tashi daga kanta don wanda ba ya bambance ja da shuɗi ba.

Matarka,
Hasana

*

Yamai, ranar Juma'a

Inna,

Barka da Juma'a, ina fata kin tashi lafiya. Na karanta masa duka kamar yadda kika ce. Da na gama sai ya ce in maimaita wurin zanen. Na maimaita. Can sai ya ce, “Uwarki ta rubuta buhu daidai?” Na ce daidai. Ya ce, “To, ni na koya mata.” Ya ce a kawo masa tuwo.

Jiya aka yi aikin, bai daɗe ba. A hanyar shiga ya riƙe hannuna gam kamar ƙaramin yaro, amma yana ta yi wa ma'aikacin da ke tura shi bayanin yadda ake tare wa shugaba iska. Yanzu idon na rufe da bandeji, likita ya ɗaga buɗewa zuwa gobe. Ban san abin da za mu gani ba, Inna, ki ci gaba da addu'a. Ya ce in tambaye ki ko Garuwa ya samu wani keken.

'Yarki,
Samiratu

*

Yamai, ranar Laraba

Hasana,

Sallama. Ki yi haƙuri da karkatar layin, hannuna ya manta hanya, kuma ido ɗaya ne ke aiki tukuna.

Samiratu ta yi furfura guda biyu, ba wanda ya gaya mini. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, zan biyo Kailu da sassafe, in sha Allahu in iso kafin zangon ƙarshe. Ki ce wa Alhassan ina da magana da shi. Ki zauna a kujerar, zan ɗauko tabarma.

Ki ɗaura zanen nan na Sallar bara. Ina so in ga abin da na yaba.

Ibrah, da hannunsa