Eh Ɗin da Na Ce wa Edna

Kafanchan, Litinin

Zuwa ga Yaya Emilia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar, yaya aikin citta a Kachia? Na rubuto ne don kunnenki da waya ba sa shiri, maganar kuma ba ta ihu ba ce.

Jiya ɗana Kevin ya kawo mini yarinyar da yake so ya aura. Sunanta Edna, 'yar Kalaba, bautar ƙasa ta kawo ta nan. Hausarta ba ta wuce sannu ba. Na ce to, yau ranar Turancina ce, ai ba a banza na tsufa ina koyar da yaran firamare a Fadan Kaje ba. Har na yi mata alfahari da hakan. Ta ci gwaten acca har da ƙari, ta kwanta mini a rai.

Da za su tafi ta biyo ni kicin, ta gaya mini mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Sai ta sunkuyar da kai ta tambaye ni, Would you mind if I called you Mama? Daɗi ya kama ni, na ce Yes, very much, har sau biyu. Fuskarta ta canza, ta ba ni haƙuri, ta ɗauki jakarta ta fita. Tun jiya Kevin bai ɗaga wayata ba. Ni me na yi?

Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Joanna

Kafanchan, Laraba

Yaya Emilia,

Ina fata kina lafiya. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni.

Kevin ya zo ya fassara mini. Ashe tambayar ita ce ko zai dame ni idan ta kira ni Mama. Ni kuwa na amsa cewa zai dame ni ƙwarai. Marainiya, Yaya! A kicin ɗina, da murmushi a bakina. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Mu roƙonmu don Allah ne, amsarmu kuma to. Wa ya san Bature yana roƙo ta bayan gida, sai ka ce a'a sannan ka yarda? Amma wannan ba hujja ba ce, ni na ɗaga kafaɗa.

Ta mayar wa Kevin zobensa, ta ce ba za ta shiga gidan da ba a son ta ba. Ya rantse mata kuskure ne, ta ce rufa mini asiri yake yi, tsohuwar malama ba za ta yi irin wannan kuskuren ba. Kin ga alfaharina ya zama shaida a kaina. Ta gama bautar ƙasa, ranar Asabar za ta koma gida. Ko taron zumuntar mata na kasa zuwa, ji nake kowa ya sani.

Ki sa ni a addu'a.

Taki cikin kunya,
Joanna

Kafanchan, Litinin

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Ranar Juma'a na sa Kevin ya zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya, muka bi kalmomin roƙo na Turanci, could da would da may, har ya gaji. Sannan na hau acaɓa zuwa inda take zama. A bakin ƙofa duk jawabin da na haddace ya gudu. Abin da ya rage mini shi ne wanda nake sa yara su faɗa, May I come in? Da furfurata na tsaya ina jiran izini, maƙwabta suna leƙe.

Ta buɗe, kayanta a ɗaure. Na gaya mata gaskiya, cewa Turancina na allo ne, bai taɓa karo da irin tambayarta ba. Sai na roƙe ta, Could you please ask me again? Da ta sake tambayar, na ce No, na sake cewa No, har muka fashe da kuka mu biyu. Ban taɓa sanin a'a tana da daɗi haka ba.

Ta tafi Kalaba ranar Asabar, amma da zoben a yatsarta. Har yanzu in na tuna kicin ɗin nan sai na rufe fuska, don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu.

Jiya da rana tsaka ta kira ni, ta ce Mama, ina kwana? Ban gyara mata ba. Na ce lafiya lau, 'yata.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Joanna