Kashi na Takwas Ya Fito

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Baba, ƙafar ta yi sauƙi? Ka gaida Umma da yara.

Ni lafiya ƙalau. Aikin gidan siliman nan ba wuya, shara ce da kwashe kofuna. Tsayuwar ce dai ke taɓa mini baya, amma kada Umma ta ji.

Fim ɗin nan da Baba ke so, na direban jirgin ƙasa, an saki kashi na takwas. Guntu-guntu na kalle shi daga bakin ƙofa, sai da na yi mako biyu ina haɗa labarin. Gaskiya bai kai na uku ba, duka da gudu ne kawai. Abokiyar aikina cewa ta yi, "Su bar tsohon nan ya huta mana!" Amma akwai inda direban ya zo hawa matakala, ya dafa gwiwa yana nishi. Mutane suka kwashe da dariya, ni kuwa na riƙe tsintsiya ina hawaye, don haka Baba yake yi.

Na yi masa alkawarin tare za mu kalla, kamar sauran bakwai ɗin. To, an hana ni hutu bana. Don Allah ka nemo masa, ka zauna kusa da shi, ka ƙara sauti. In ya ce zai jira ni, kada ka yarda, Yaya. Ka kunna.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙanwarka