Takarda Ba Ta Tari

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya su Auta?

Na rubuto ne don tunda kika ji tarina a waya kike cewa irin na marigayi Baba ne. Mura ce kawai, duk mai aiki a ɗakin ƙanƙara yana yin ta. Da atishawa take zuwa, hanci ya toshe, sati guda ta wuce. Na Baba kuwa ƙin tafiya ya yi, ga zazzaɓi, ga rama. Ni ina zuwa aiki. Bel ɗina ne dai na ƙara wa huji ɗaya.

Allah ya ƙara lafiya. Ki tambayar min Yaya, sati nawa Baba ya yi kafin a kai shi asibiti? Ni na shiga na huɗu.

Ɗanki