Wa Zai Tare Aa Gugun?

Zuwa ga yayata Teh Imas,

Gaisuwa mai yawa daga Johor. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya garinmu Garut da ruwan sama? Mu lafiya lau, ina cin abinci, ina sayar da rigunan ƙungiyar mawaƙan su yayanmu Aa Gugun a bakin ƙofa. Kunya ta ragu, wajen ba da canji ma na fara ɗaga kai in kalli mutane.

Teh, kin san yadda yayanmu yake yi a waƙar ƙarshe: ya juya baya, ya faɗo daga dandamali kan jama'a, su tare shi. Lokacin albam ɗinsu na farko ko allura ba ta samun wurin faɗuwa. Wannan na uku kuwa, mutane tsilli-tsilli suke zuwa. Ranar Lahadi ya faɗo, suka dare. Na ji ƙarar kansa a siminti.

Ya tashi yana dariya. Opik mai ganga ya ce, "Tsoho, masu tare ka suna gida suna goyo."

"Kai dai buga gangarka," in ji shi.

Amma tun ranar yake amai, jiya kuma ya kira ni da sunanki. Ya hana a je asibiti, ya ce Asabar ma zai faɗo.

A littattafan soyayya da nake karantawa ba a rasa mai tarewa. Nan ban gani ba.

Don Allah ki kira shi, maganarki yake ji. Kada Mama ta sani. In ya ƙi, zan bar rigunan in tsaya a gaban dandamali in tare shi. Teh, kin dai san ƙanƙantar hannuwana.

Allah ya tsare mu.

Ƙanwarki,
Wiwin